ƊIGO MAI LAMBA SHA BAKWAI

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun jiya kuna tambayar Shiuli, to ga ta nan. Wadda ta san zuciyarta ba ta ɗaukar ɓacin rai ta nemi ruwan sanyi ta ajiye kusa.

*

Akwatin ƙarfen Shiuli ta fara gani a bakin ƙofa, an ɗaure shi da igiyar shanya.

Nowrin ta tsaya cak da bokitin wanka a hannu. Katifar Shiuli a naɗe take, hoton da take kunna wa turare kowace safiya ma babu shi a kan taga. Tun shekararsu ta farko a jami'a suke ɗaki ɗaya, ba ta taɓa ganin gefen nan wayam haka ba.

"Shiuli, mene ne haka? Ina za ki?"

Shiuli ba ta ɗago ba. Littattafai take cusawa a buhu.

"Da ke nake magana fa."

"An kore ni daga hostel. Madam Dilruba ta ce kar azahar ta same ni a nan."

Bokitin ya suɓuce daga hannun Nowrin.

"Kora? A kan me? A kan zancen ruwan nan?"

Kowa ya san zancen ruwan. Injin tace ruwa na hostel ya lalace tun kafin damina, aka bar 'yan mata da ruwan gishiri har fatarsu ta yi ƙuraje, aka kwantar da wata 'yar shekarar farko a asibiti. Ranar nan suka fito gaba ɗayansu, kowa da tulunta fanko, suka zauna a ƙofar ofishin Madam Dilruba, shugabar hostel. Hoton ya kai har jaridun Dhaka, babban birnin ƙasar. Tun daga ranar Madam take neman wadda ta haɗa abin.

"Amma ke ko baki ba ki buɗe ba ranar!" in ji Nowrin. "Tanjila Apu ce ta hau kujera tana ihu, kowa ya gan ta!"

Sai a lokacin Shiuli ta ɗago. Idanunta sun yi ja, amma babu hawaye ko ɗigo.

"Madam ta kira ni da safen nan. Ta juyo min da wayarta. Kin san me na gani a ciki?"

"Me?"

"Zanenki."



Aikin aji ne. Kwas ɗin Shafiul Sir na nazarin alaƙar mutane, inda ake mayar da kowane mutum ɗigo, kowace alaƙa kuma layi tsakanin ɗigo biyu. Nowrin ta zaɓi hostel ɗinsu. Ta bi ɗaki-ɗaki tana tambaya ɗaya: in abu ya faru, daga bakin wa kike fara ji? Ta rantse wa kowa sunanta ba zai fito ba, lamba za a sa. Da ta haɗa layukan sai ga gungu biyu, 'yan tsohon gini a hagu, 'yan sabon gini a dama, kusan babu abin da ya haɗa su sai ɗigo ɗaya tak a tsakiya. Ta shafa masa jan launi. Ta haska shi a bangon aji, ta tsaya tana ji da kanta ta ce, wannan ita ce gada, in aka cire ta labari ba zai tsallaka ba.

Har tafi aka yi mata.

"Lamba ce kawai a jiki," in ji Nowrin. "Sha bakwai. Babu suna, Shiuli, wallahi babu suna."

"Babu suna!" Shiuli ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Mutum nawa ne a hostel ɗin nan suke kwana a tsohon gini, kullum da yamma su tafi sabon gini koya wa yara lissafi? Faɗa min. Ko mai gadi aka nuna wa zai ce Shiuli Mondol ce."

"Ban yi tunanin..."

"Na ce miki kar ki sa ni! Na ce miki ko ban ce ba? Kika rungume ni kika ce haba Shiuli, aikin aji ne. Ke kin samu makinki. Ni ga nawa."

Ta shuri buhun da ƙafa.

"Baba yana can cikin ruwa har ƙugu yana kiwon jatan landen wani, yana gaya wa duk ƙauye 'yarsa tana jami'a. Jarrabawa ta ƙarato. Ina zan kwana in rubuta ta? Ki gaya min, mai zane."

"Za mu je gidanmu wurin mahaifiyata, Ammu ba za ta ƙi ba."

"Kar ki taɓa min kaya."

Nowrin ta janye hannunta daga kan akwatin.

"Ki matsa min a hanya, mai keke yana jira."

*

Ruwan sama ake yi, amma ko lema ba ta ɗauka ba. Jiƙe sharkaf ta isa ajin, ta tura ƙofar ba sallama.

Shafiul Sir yana gaban allo, ya zana da'ira biyu da layi a tsakaninsu.

"Mun riga mun ce mai layuka da yawa shi ne sananne," yake faɗa. "Amma sananne daban, mai riƙe da hanya daban. Mutum yana iya zama da layi biyu kacal, amma duk wanda zai tsallaka sai ya bi ta kansa. Nowrin, kin makara. Zauna."

Ba ta zauna ba.

"Sir, ina da tambaya."

"Bari in kai aya."

"In aka cire gadar, Sir, a ina take kwana?"

Wani a baya ya fara dariya, ya ga fuskarta ya haɗiye.

"Ban gane ba."

"Ka koya mana yadda ake gano ta. Ka koya mana abin da ke faruwa in an cire ta. Ba ka koya mana inda take kai akwatinta ba. An kori Shiuli Mondol yau, da zanena aka kore ta. Zanen da kai kaɗai na miƙa wa!"

Ya ajiye allin a hankali.

"Kowa ya fita. Mun tashi."

Suka fita suna waiwaye. Da ƙofa ta rufu ya cire tabarau ya murza idonsa.

"A gaban ɗalibaina za ki kira ni maci amana?"

"Ban kira ka komai ba. Tambaya na yi."

"To ga amsa. Madam Dilruba ta kira ni a waya, ta ce ta ji an yi wani aiki a kan hostel ɗinta, tana son gani. Na ce aikin aji ne, ba ya fita. Ta ce za ta kai ni gaba, na ce ta kai. Ban ba ta ko layi ɗaya ba."

"To ta yaya ya shiga wayarta?"

"Ke kika haska shi a bango, a gaban aji guda, kowa da waya a hannu."

"Kai ka ce in haska! Kai ka ce ba a taɓa kawo maka aiki irinsa ba! Ka ce mana in an sa lamba an ɓoye mutum."

"Na ce lamba tana taimakawa."

"Ba haka ka ce ba, Sir. Ni ina gaba nake zama."

Ruwa yana ta dukan taga. Nowrin ta so ya yi musu ko ya daka mata tsawa, ta samu inda za ta sauke abin da ke ƙirjinta. Sai kawai ya ja kujera ya zauna.

"Inda aka san juna, lamba ba ta ɓoye kowa. Ya kamata in faɗa da ƙarfi, ban faɗa ba. Zan je wurin shugaban sashe yanzu."

"Kafin a ba ka kujera a ofishinsa Shiuli ta kai garinsu Bagerhat."

"To me kike so in yi?"

"Ina son sunan wanda ya kai."

"Ba ni da shi. Amma darasin da kika katse yau zai ba ki." Ya nuna allon da haɓa. "Labari ba ya fita daga gungu ta hannun aminai. Aminai wuri ɗaya suke juya magana, ta je ta dawo musu. Ta hannun mai ƙafa ɗaya a waje yake fita, ko da sanin shanu ne tsakaninsa da na wajen. Ki duba ajin nan. Wa ke da layi zuwa ofishin Madam?"

Nowrin ta bi kujerun da ido, layi-layi, har ta kai ta ƙarshe kusa da taga.

Tanjila Apu, wato Yaya Tanjila. 'Yar shekarar ƙarshe, ta faɗi kwas ɗin bara tana maimaitawa. Ita ce ta hau kujera ranar tuluna. Ita kuma aka tura ta shiga ofis ta yi magana da yawun kowa.

"Nowrin, kar ki je da wannan fuskar."

Ta riga ta fita.

*

A rumfar mai shayi ta same ta, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tana gutsurar singara, irin samosar nan, da zafinsa.

"A'a, 'yar gaban goshin Sir! Zo ki sha shayi, kin jiƙe kamar kaza."

"Apu, ba ni wayarki."

"Ban ji ba."

"Ki buɗe hotuna in gani."

Tanjila ta dube ta sama da ƙasa. Ta kurɓi shayinta, ta ajiye kofin.

"Ba sai kin gani ba. Ni na ɗauka, ni na kai."

Nowrin ta zo da shirin jin ƙarya da rantsuwa. Da ta ji wannan amsar sai ta dafa benci.

"Ke? Ke da kika ce mana in an taɓa ɗaya an taɓa duka? Muryarki har ta dushe ranar!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Yarinyar da ko gardama ba ta iya ba kika miƙa musu!"

"Kin san me Madam ta ce min?" Tanjila ta matso da fuskarta. "Ta ajiye takardar kora a gabana da sunana a jiki, saura sa hannu. Ba daga hostel ba, daga jami'a gaba ɗaya. Watanni kaɗan suka rage min in gama. Ta ce, ke ce shugabarsu. Na ce ni baki ce kawai, Madam, hayaniya na iya. Ta ce to kawo min hujja. Sai na tuna da jan ɗigonki."

"Shi ne kika sayi kanki da ita."

"Ke fa kika ce in an cire ta komai ya watse. Da bakinki, kina murmushi. Ni maimaitawa na yi."

"Allah ya isa tsakaninki da ita, Apu. Kin ci amanar duk wadda ta ɗauki tulu ta bi ki."

Mai shayin ya daina juya madara yana kallonsu. Samari biyu a ɗaya bencin suka yi kamar suna duba waya.

Tanjila ta share yatsunta da takardar singaran.

"Tunda amana kike so mu yi magana a kai, bari in tambaye ki. Wa ya gaya wa 'yan sabon gini cewa za a fito da tuluna?"

"Shiuli tana zuwa can kullum, ai..."

"Shiuli lissafi take koyarwa a ɗaki ɗaya ta dawo. Ina tambayarki, wa ya shiga kowane ɗaki a gine-ginen nan biyu? Wa ya zauna a bakin gadon kowa, ana kawo mata kukan ruwa, tana cewa ai 'yan wancan ginin ma haka suke faɗa, ai sun ce ranar kaza za su fito, ku ma ku fito?"

Tanjila ta nuna ta da yatsa.

"Ni a bakinki na ji an sa rana. Ki tambayi duk wadda kike so."

"Hira ce kawai muke yi bayan na gama tambayoyi..."

"Hira. To ai da hira ake yi." Tanjila ta miƙe ta gyara mayafinta. "Kin zana kowa, kin ba kowa lamba, har wadda ba ta fita ɗaki. Mutum ɗaya ce babu a zanen nan. Mai zanen. Mantuwa ce ko wayo, ke kika sani. Amma kafin ki ƙara yi min Allah ya isa, ki ɗiga kanki a ciki ki ga ko jan launin zai tsaya a kan Shiuli."

Ta ɗauki lemarta.

"Af, Madam ta ce in na gan ki in turo ki. Tana jira."

Nowrin ta daɗe a tsaye bayan tafiyarta. A cikin kanta take ja, layi bayan layi, daga sabon ɗigo, nata na kanta, zuwa kowane ɗaki na hagu, zuwa kowane ɗaki na dama. Ba ta buƙatar kwamfuta. A tambayar da ta yi, ta ce kowa ta ambaci wata, ban da ita mai tambayar, kamar yadda Sir ya ce a yi. Shi ya sa babu wadda ta kira sunanta. Da an bar su sun kira, da ɗigon Shiuli ya koma gefe kamar na kowa.

Haushin da take ji na Tanjila bai ragu ba. Sai dai yanzu wani ya hau kansa, wanda ya fi shi ɗaci.

*

Ofishin Madam Dilruba yana ƙamshin man gashi da sabon fenti. A kusurwa ga babbar robar ruwan kanti a kan abin sanyayawa, cike taf. Nowrin ta kalle ta, ta kawar da kai.

"Ke ce Nowrin Jahan. Zauna, 'yata. An ce ke ce ta ɗaya a ajinku."

"Zan tsaya, Madam."

"Yadda kika so." Madam ta gyara bakin sarinta a kafaɗa. "Na ga aikinki, ya burge ni. Da irinku ake gyara wuri. Matsalarsa ɗaya, lambobi ne. Ina son sunayen."

"Na yi wa kowa alkawari."

"Ni ma na yi wa hukuma alkawarin zaman lafiya a hostel ɗin nan. An gaya min bayan jan ɗigon akwai wasu ɗigogi manya-manya. Ki gaya min su waye, in kira su in yi musu nasiha. Nasiha kawai."

"Irin wadda aka yi wa Shiuli?"

Murmushin Madam bai motsa ba.

"Shiuli tana iya dawowa yau ɗin nan. Gadonta yana nan, ban ba kowa ba. Ya rage naki."

Nowrin ta tuna 'yan matan da suka ba ta wuri a kan gadonsu, suka zuba mata muri, gasasshiyar shinkafa, a tafin hannu, suka faɗi sunayen ƙawayensu saboda ta rantse musu.

"Injin ruwan fa, Madam? Shi yaushe zai dawo?"

"Ba shi na kira ki ki tambaya ba."

"Yarinya ta kwanta asibiti! Mu muna wanka da gishiri, ke ga naki nan a roba, sannan mai laifi kike nema?"

"Ki iya bakinki."

"Zanen nan da kike taƙama da shi ba daidai ba ne. Akwai ɗigon da babu a ciki, kuma shi ne gadar, ba sha bakwai ba. Shiuli ba ta kai wa kowa saƙo ba. Wadda ta bi ɗaki-ɗaki ta gaya musu ranar fitowa daban ce."

Madam ta jingina da kujera.

"Wace ce?"

"Ga ta tsaye a gabanki. Ki mayar da Shiuli ɗakinta, ki sa sunana a takardar. Sauran sunayen kuwa ko ɗaya ba za ki ji a bakina ba."

Ta zaci za a yi tsawa. Madam ta dube ta kawai, ta daɗe tana dubanta, kamar mai son tuna inda ta san fuska.

"Jahan," ta faɗa a hankali. "Ba ke ce 'yar Motaleb ba? Na ofishin jarrabawa?"



Abbu, mahaifin Nowrin. Tun kafin a haife ta yake ɗaukar fayil a jami'ar nan, gidan da suke ciki ma na ma'aikata ne. Ritayarsa ta kusa. Ko labarin tuluna ba ta taɓa yi masa ba.

"Madam, babu ruwansa. Bai san komai ba."

"Ai shi ya sa ya kamata ya sani."

Madam ta jawo wayar teburinta ta danna, idonta a kan Nowrin.

"A turo min Abdul Motaleb yanzu. A ce ya taho da katin aikinsa."